Daga Madatsa Zuwa Randa: Inda Ruwan Titin Bauchi Ke Salwanta

Idan kana zaune a Unguwar Rogo, ko Unguwar Rimi, ko wata daga cikin unguwannin da ke jingine da Titin Bauchi a Jos, ba sai an ba ka labarin watan Maris ba. Guga ya daɗe yana lilo a rijiya kafin ya taɓo ruwa, abin da ya taɓo ɗin ma rabinsa laka ne. Kafin gari ya gama wayewa yara sun jera jarkoki a bakin burtsatsen maƙwabta, 'yan ga-ruwa kuma sun fito da kura suna faɗin kuɗin da ya fi na makon jiya. Uwargida tana lissafi: wanki za a yi yau ko wanka, domin ruwan ba zai ɗauki duka biyun ba.

Abin mamaki, Jos ba garin fari ba ne. Ruwan saman da ke sauka a nan a shekara yakan kai milimita 1,300 zuwa 1,400, kusan ninki biyu na abin da Sakkwato ko Katsina ke samu. Kogin Kaduna da Kogin Gongola duk daga tudun Filato suka taso. To me ya sa tudun da ke shayar da wasu jihohi 'ya'yansa ke kwana a layin ruwa?

Amsar farko tana ƙarƙashin ƙafarka. Jos a kan dutse take zaune. Ruwan ƙasa a nan ba shimfiɗe yake cikin rairayi ba, yana maƙale ne a tsagin duwatsu da 'yar ƙasar da ta rufe su. Shi ya sa za ka ga gida biyu katanga ɗaya, rijiyar wannan tana kai wa damina, ta wancan ta ƙafe tun Janairu. Amsa ta biyu tana wajen hukuma. Garin ya dogara ne da madatsu irin su Laminga da Lamingo da ta Yakubu Gowon da ke Shen, amma jama'a sun ninka sun sake ninkawa, manyan bututu sun tsufa, injinan turo ruwa kuma ba sa motsi sai da wuta. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, a 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 700 don shirin ruwa na SURWASH a jihohi bakwai, Filato na cikinsu. Haƙƙinka ne ka tambayi inda aka kwana, kuma kada ka gaji da tambaya.

Sai dai akwai wani yanki na tafiyar ruwa da ba ya hannun Bankin Duniya ko gwamna. Ya fara daga inda ƙaramin bututu ya baro babban titi ya shiga lungunku, ya ƙare a moɗar da ɗanka ke kai wa baki. A wannan ɗan taƙin ne ruwa mai yawa ke zubewa, kuma a nan ne mai kyau ke komawa cuta.

Bututun da ke kwance a kwata

Ka fita ka bi bututun gidanka da ido. A lunguna da yawa na tsakiyar Jos za ka same shi kwance cikin kwata, ko ya ratsa ta, an ɗaure inda ya fashe da tsinken robar taya. Dalilin kowa ɗaya ne: kwata ita ce hanya mafi sauƙi, ba sai an fasa siminti ba.

Ga abin da ke faruwa. Lokacin da aka kawo ruwa, ƙarfinsa yana tura shi waje ta wurin tsagin, wannan asara ce kawai. Amma da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙar abin da ke kewaye da shi kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Abin da ke kewaye da shi kuwa ruwan wanke-wanke ne da na bayan gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da aka sake kawo ruwa, wannan ƙazantar ita ce ke fara isowa bokitinka, ko da a ido ruwan ya yi garau.

Maganin ba shi da tsadar da ake zato. A ɗaga bututun ya bar cikin kwata, a kira fulamba ya yanke wurin da ya fashe ya haɗa da sabo, a daina ɗaurin roba. Idan gidaje biyar ko shida ne ke kan bututu ɗaya, su haɗa kuɗin. Kafin a yi hakan, ruwan da ya fara zuwa bayan an daɗe ba a kawo ba a tare shi daban don wanke makewayi da yayyafin tsakar gida, kada ya shiga randa. Idan kuma babban bututu ne ya fashe a bakin titi, a kai rahoto ofishin hukumar ruwa a rubuce, da sunan unguwa da sa hannun mai unguwa. Takarda ta fi saƙon baki tsawon rai a ofis.

Kada a ɗauki wannan da wasa. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a faɗin ƙasar nan, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Filato na cikin jihohin da abin ya taɓa. Taifot ɗin da muke yawan ɗora wa laifi duk lokacin da zazzaɓi ya ƙi sauka, ita ma ta ruwa da abinci take shigowa.

Rijiyar gida tana da nata. Masana suna son a samu tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai. A unguwar da gida ke manne da gida wannan abu ne mai wuya, domin ko ka nisanta naka, na maƙwabcinka yana bayan katanga. Abin da ya rage maka shi ne ka ɗaga bakin rijiyar ya kai gwiwa ko ya wuce, ka daɓe kewayenta da siminti yadda ruwa zai gangara waje, ka yi mata murfi, ka ware mata guga ɗaya da za a riƙa ratayewa, ba a yar a ƙasa inda kaji da awaki ke bi ba. Murfin nan ba don tsafta kaɗai ba ne. Duk mai yaro ɗan rarrafe ya san abin da nake nufi.

Burtsatsen kowa, marayan unguwa

Yanzu ka ƙirga burtsatse nawa ka sani tsakanin tashar motar Bauchi da ƙofar Jami'ar Jos waɗanda aka buɗe da tafi da ɗaukar hoto, yau kuma tankinsu ya zama wurin liƙa fastar 'yan takara. Wani ɗan majalisa ne ya haƙa, wani attajiri ne ya yi sadaka, wani ƙungiya ce ta kawo. Wannan ba ciwon Jos kaɗai ba ne: ƙiyasin da aka sha yi a ƙasashen Afirka ya nuna cewa a kowane lokaci tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki.

Idan ka bincika, da wuya ka tarar babban abu ne ya kashe su. Tuƙa-tuƙa yakan tsaya ne saboda 'yar robar da ke cikinsa ta cinye, ko sarƙa ta bushe babu giris, ko ƙusa ta kwance ba wanda ya ɗaure. Mai inji kuma, wanda aka fi sani da sumo, abin da ya fi ƙona shi biyu ne: wutar da ke zuwa ba ƙarfi, da barinsa yana aiki bayan ruwa ya ja baya. A ƙasar dutse irin ta Jos ruwa a hankali yake tsattsafowa cikin rami. Idan aka kunna inji tun safe har azahar a tsakiyar bazara, zai zuƙe abin da ya taru ya ci gaba da juyawa a bushe, ruwan da ke sanyaya shi babu, sai ya ƙone. Gara a kunna na ɗan lokaci, a kashe, a bar rijiyar ta huta ta tara. Mai amfani da hasken rana kuwa, ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan faifansa tana rage masa ƙarfi ƙwarai. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa sau ɗaya ko biyu a mako sun isa.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Abin da ke mayar da su manya shi ne rashin mai shi. Ranar da inji ya tsaya, kowa ya ce a je a gaya wa wanda ya haƙa. Shi kuma ya faɗi zaɓe, ko ya koma Abuja, ko ya ga ai ya yi nasa. Wata ɗaya, wata biyu, ɓarayi su lura ba mai kula, su zare waya su kwance kan famfo. Gyaran da da farko bai wuce kuɗin cefanen mako ba ya koma sai an yi gidauniya.

Unguwannin da nasu ke daɗewa ba sihiri suke yi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: suna karɓar wani abu, komai ƙanƙantarsa, tun ranar da aka buɗe, ba sai ranar da aka lalace ba. Na san akwai masu cewa ruwan sadaka ba a sayar da shi. Gaskiya ne, amma ba ruwan ake saya ba, robar da giris da ladan mai gyara ake tanada. Wanda ba shi da hali, kamar gwauruwa mai marayu ko tsoho marar mai taimako, unguwa ta san shi, a ɗauke masa.

Kuɗi kuwa shi ne inda zumunci ke ɓaci, don haka a tsare shi tun farko. Kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya, ko da liman ne ko fasto ko mai unguwa. Ba don ana zarginsa ba, don a kare shi daga zargi. A buɗe asusu da sa hannun mutum biyu ko uku. A sami littafi, kowane wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a. Sannan a sa mata cikin kwamitin, ba don ado ba. Su da yara ne ke fara lura cewa ruwa ya ragu, ko ya sauya ɗanɗano, ko hannun famfo ya fara sassauta, makonni kafin maigida ya ji labari. Ko da ba za su zauna taro da maza ba, a sami dattijuwa guda da za ta riƙa kawo maganarsu.

Akwai wani abu da kusan kowa ke mantawa. Ranar da masu haƙa suka gama, a karɓi takarda daga hannunsu: zurfin ramin mita nawa ne, a ina aka samu ruwa, a wane zurfi aka rataye inji, wane iri ne kuma ƙarfinsa nawa. Bayan shekara uku, wannan 'yar takardar ita za ta hana mai gyara yin lalube da kuɗinku. Ga masu hali kuma da ke niyyar haƙa sabuwa don neman lada, ina ganin ya kamata su fara zagaya unguwar. Sau da yawa kuɗin sabuwa ɗaya zai tayar da matattu uku ko huɗu.

Uwargida, randarki

A ce ruwa ya iso gida lafiya. Saura randa. Ruwa mai kyau yakan lalace a nan fiye da yadda ake zato, domin moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa: yaron da ya fito daga makewayi, da wanda ya dawo daga ƙwallo, da baƙo. A sha, a mayar da ita ciki ko a ajiye a ƙasa. Ki ware moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, a zuba a kofi a sha, ita kuma a rataye ta. Wanda ya fi wannan shi ne bokiti mai murfi da aka sa wa kan famfo, ko jarka mai ƙaramin baki da hannu ba ya shiga. Randa da jarka a wanke su duk mako, tankin sama kuma aƙalla sau biyu a shekara. Ki leƙa cikin jarkokin ɗan ga-ruwan da ke kawo miki. Idan kin ga kore a ciki, wannan ruwan na wanki ne har sai an gyara shi.

Gyaran iri biyu ne. Ko ki sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jikinsa, ki jira minti 30 kafin a sha, ko ki tafasa. Idan ruwan ya yi gurɓi, ki bar shi ya kwanta ki tace da farin ƙyalle tukuna. Alif da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi haske, amma ba su isa su kashe ƙwayoyin cuta ba, kada hasken ya ruɗe ki.

Wajen tafasawa ana ɓarnar makamashi ba gaira ba dalili. Da zarar ruwa ya tafasa yana ɓulɓula sosai, minti ɗaya ya wadatar. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka ruwa a nan yana tafasa a zafin da bai kai na Kano ko Legas ba, wajen digiri 96, amma wannan ya ishi kashe cutar. Barinsa minti ashirin a kan wuta gas ɗinki kawai yake ci.

Idan kuma duk da haka gudawa ta kama yaro, kada a jira. Lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ƙunshin ORS na kemis, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono. A asibiti za a haɗa masa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, wannan na asibiti ne a cikin sa'ar, ko da tsakar dare.

Kuɗin ruwa, kuɗin wuta

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba sai da ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 kuma aka kai yunit ɗin wuta Naira 225 ga masu layin da ake kira Band A. Mai burtsatse da janareta yake turo ruwa, ɗan ga-ruwa a wurinsa yake saye, kai kuma a wurin ɗan ga-ruwa. Ashe duk jarkar da ta shigo gidanka da fetur a cikinta.

Ka duba kan famfon da ke ɗiga. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana tara wajen lita 20 a kwana, kusan jarka guda ke nan, jarka talatin a wata, saboda 'yar roba. Tankin da ke ambaliya don an manta ba a kashe inji ba asara biyu ce a lokaci guda. Akwai 'yar na'ura mai yawo a saman ruwa da ke kashe injin da kanta idan tanki ya cika. Kowane mai haɗa wuta ya san ta. Ruwan ɗaurayar kaya ya yi shara da wanke makewayi, na wanke shinkafa da kayan miya ya shayar da zogale ko ɗan lambun bayan ɗaki. Alwala da buta, ba a bakin famfo a sake ba.

Sanyin Jos kuma yana da nasa lissafin. Daga Disamba zuwa Janairu ba mai iya wanka da ruwan randa, sai a jefa hita a bokiti. Hita mai ƙarfin wat 1,500 idan ta yi awa ɗaya ta cinye wutar da ƙwan fitila goma na zamani masu wat 9 za su yi awa 16 suna ci. Ban da haɗari: kada a taɓa ruwa ko bokitin ƙarfe hita na ciki, kada a bar yaro kusa. Dabarar da ta fi arha ita ce baƙar jarka a rufe a ajiye a rana tun hantsi. Zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumin da za a yi wa yara wanka, da safe sai wanke fuska da hannu da ƙafa. A kicin, rufe tukunya da jiƙa wake tun dare suna rage gas da gawayi sosai, musamman a nan da tsayin gari ke sa wake jinkirin nuna.

Gargaɗi ɗaya da ba zan gaji da maimaitawa ba: kada sanyi ya sa a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, kada kuma a kunna janareta a soro ko a baranda kusa da tagar masu barci. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana iya ɗauke iyali guda cikin barci.

Saura rufin gidanka. Kwanon da ya kai mita goma a tsaye goma a kwance, duk milimita ɗaya na ruwan sama yana zubo lita 100. A daminar Jos, ko an cire abin da ya fantsame, lissafin ya haura lita 100,000. Ba wanda ke da tankin da zai ɗauke wannan, amma ko na lita 2,000 ka samu, kusan wata shida ba ka sayi ruwan wanki ba, rijiyarka ta huta, kuma kana da abin da za ka riƙe gida ranar da ba fita. Wanda ya ga dokar hana fita ta awa 24 da aka sa a Jos ta Arewa a watan Agustan 2021 ya san cewa a irin wannan rana ɗan ga-ruwa ma yana gida. Ruwan da ka tare kuma ya ragu daga wanda zai cika kwata ya bi gidajen mutane. Mazauna Rikkos ba su manta da ambaliyar Yulin 2012 da ta ci rayuka fiye da 30 ba.

Ruwan farko da na biyu a bar su su wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, kada a tara. A sa raga a bakin indararo, a rufe tanki ruf don sauro, wanda za a sha kuma a sa masa kulorin ko a tafasa kamar kowane ruwa. Aikin indararo da gindin tanki a watan Maris ake yin sa, domin a Jos hadari yakan fara haɗuwa tun Afrilu, kuma da ruwa ya sauka masu walda da fulamba sai ka bi layi kafin ka same su.